Ranar da Baba Kwali Ya Ƙi Sa Hannu

Surukina sajan ne, bakanike a garejin barikinmu, kuma tun kafin in san zan auri 'yarsa nake jin haushinsa. Ni kofur ne, direba, babbar motar ɗaukar sojoji nake ja. Duk direban da ya taɓa aiki a ƙarƙashinsa ya san abin da nake nufi. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, ba ya ɗaga murya, ba ya zagi, amma in ya tsare ka da ido ya ce ka zo ka ga wani abu, to ka san shayinka na safiyar nan sai dai ka sha shi da sanyi.

Baba Kwali ake ce masa, har hafsoshi in ba ya kusa. Kullum da yamma, in mun jera motoci goma sha biyun nan a rumfa mun kashe, sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana tura faffaɗan kwali mai tsabta a ƙarƙashinsu, ɗaya saitin inji, ɗaya tsakanin ƙafafun baya, ya danne da dutse. Da safe kafin kowa ya murza makulli, shi ne zai jawo kwalayen ya duƙa a kansu kamar mai karanta wasiƙa. In ɗigon baƙi ne, man inji ne. In kore ne, lagireto ke yoyo. Akwai wani mai kauri mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, wannan man giya ne ko na aksul, wato ƙarfen da ya haɗa ƙafafun baya, kuma shi ne ya fi sa shi shan mur. Sai ya dangwala yatsa, ya murza, ya shinshina, ya gaya maka daidai inda motarka ke ciwo alhali ko murfin inji bai ɗaga ba.

Akwai takardar duba mota, layi ashirin da biyu: mai, ruwa, iskar taya, fitila, birki, har zuwa ƙarshe. Direba ke dubawa ya sa alama, sajan ya sa hannu a ƙasa, sannan mota ta fita ƙofar bariki. Gaskiya ɗaya ce, yawancinmu daga kan kujera muke cike takardar nan, ƙafa ɗaya a kan sitiyari. Ni kam a minti ɗaya nake gama layi ashirin da biyun, har da alfahari. A sauran barikoki sajan ya karɓa ya sa hannu ne kawai, a wuce wurin. Namu sai ya riƙe takarda a hannun hagu, kwali a hannun dama, ya tambaye ka wanne ne maƙaryaci a cikinsu.

Daga baya ne matata ta ba ni asalin abin. Yana da shekara goma sha tara ya shiga soja, ɗan mai gyaran keken ɗinki, hannunsa ya saba da ƙananan ƙusoshi tun yana ƙarami. Yana sabon kofur ya taɓa sa hannu a takardar wata mota bai leƙa ƙarƙashinta ba. Ashe mako guda tana ɗigar da mai a cikin yashi, yashi na shanyewa. Inji ya ƙone a tsakiyar daji, mutum arba'in suka yi kwana biyu suna tafiya a ƙasa da ɗan ruwan da bai kai ya kawo ba, ɗaya a kafaɗa aka iso da shi. Ba wanda ya hukunta shi, domin ba wanda ya bi ta kan takardar. Shi ne bai yafe wa kansa ba, kuma a makon ya fara tara kwali.

Ranar da na je gaishe shi a kan maganar 'yarsa, na sha guga, na haddace amsoshi a kan iyayena da halina. Bai tambaye ni ko ɗaya ba. Cewa ya yi mu je rumfa, ya zaro sandar awon mai ta motata, ya duba, ya goge da tsumma, ya mayar. Ya ce man ya kusa kai alamar ƙasa, amma tunda bai kai ba, zai yi shawara. Wata uku ya yi yana shawarar nan, ni kuwa a wata ukun ba direban da ya kai ni leƙa ƙarƙashin mota. Da aka ba ni mata na koma halina, ba zan ɓoye ba.

Ya shekara talatin da biyu yana aiki, saura wata huɗu ya yi ritaya da igiyarsa uku a hannun riga, aka kawo mana sabon kyaftin ya shugabanci sashen motoci. Matashi ne mai ƙoƙari, ba mugu ba, sai dai son tsabta ya yi masa yawa. Takalminsa kana iya duba fuskarka a ciki. Zuwansa ke da wuya aka ce janar zai kawo ziyara, kuma ranar za mu kwashi sojoji, talatin talatin a kowace mota, mu haye tudun da ke bayan gari zuwa filin atisaye. Duk wanda ya san hanyar nan ya san gangarenta, doguwa ce, da kwana biyu masu kaifi a ƙasa.

Aka tura Baba Kwali babban sito ya ɗauko kayan gyara, tafiyar kwana biyar. Yana juya baya kyaftin ya sa aka tattara kwalayen nan aka ƙone, wai shara ce. Mun yi murna, har da tafi a ɓoye. Sannan aka kawo gwangwanayen koren fenti aka ce a shafe motoci, sama da ƙasa, kada janar ya duƙa ya ga tsatsa. Mu sojoji ka san mu da fenti, duk abin da bai motsa ba sai mun shafe shi. Na kwanta a ƙarƙashin motata na laɓta mata fenti har sau biyu, aksul, ƙusoshi, komai. A saman aksul akwai wani ɗan murfin ƙarfe da bai fi kan babban yatsa ba, kullum yana girgiɗi. Na ce wannan ma sakacin bakanikai ne, na cika shi da fenti har ya daina motsi, na kuma nuna wa sauran direbobi dabarar. Kwana biyu muka yi muna gwajin jerin gwano cikin zafin rana, motoci na sheƙi, kyaftin na murmushi.

Saura kwana huɗu ziyara Baba ya dawo. Ya tsaya a bakin rumfa ya daɗe yana kallon motocin, ya tambayi inda kwalayensa suke, aka gaya masa. Gida ya wuce, ya juye kwanukan surukuwata daga manyan kwalayen da take ajiyarsu, tana faɗa yana yanka, ya dawo ya shimfiɗa su kafin rana ta faɗi.

Washegari da safe mota tara cikin sha biyu sun ɗiga, duk a wuri guda, gefen ƙafafun baya, duk man nan mai wari. Tawa ta fi kowacce. Ya kira ni, muka shiga ƙarƙashi tare. Ya lalubi saman aksul, ya kankare fentina da farce, ya murɗa ɗan murfin nan. Sai ga iska ta fito da ƙara, fuuu, kamar an kwance taya. Ya yi mini bayani a hankali, wanda ya fi zagi ciwo. Ta nan aksul ke numfashi in ya yi zafi. Da aka toshe shi, iska ta rasa hanya, ta tura mai ya fasa robar da ke tare shi a bakin ƙafa, man ya gangara cikin birki. Birkin da ya jiƙe da mai kuwa, a fili zai yi kamar yana kamawa, sai an ɗora masa kaya a gangare zai nuna halinsa. Ya tambayi wanda ya yi wannan aikin. Na ce umarni aka ba mu. Ya ce ya sani, amma wa ya riƙe buroshi? Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Kyaftin ya saurare shi tsaf, ya ma yarda an yi kuskure. Amma da ya ji gyaran na nufin a cire ƙafafun mota tara, a sauya roba, a wanke birki, aikin kwana biyu da zai dagula fentin gaba ɗaya, sai fuskarsa ta sauya. Ya ce a buɗe murafen, a goge man da ke waje, a sa hannu, bayan janar ya tafi a yi gyaran a tsanake. Baba ya ɗauki takardu uku na motocin da ba su ɗiga ba, ya sa hannu, ya ajiye biro a kan sauran taran.

"Saje, umarni nake ba ka."

"Na ji, yallaɓai. Ka sa ni in kwana ina gyara, zan yi. Amma ba zan rubuta lafiyarsu lau ba alhali na san ba haka ba ne."

A gabanmu kyaftin ya dakatar da shi daga gareji, ya rubuta masa takardar tuhuma ta ƙin bin umarni, za a saurara gaban kwamanda bayan ziyara. Kowa ya san abin da wannan ke nufi. In ta tabbata, igiya ɗaya za ta tafi, mutumin da ya yi shekara talatin da biyu ba a taɓa rubuta shi ba ya fita a matsayin kofur, daidai da ni, da baƙin tabo a takardar sallamarsa. Kyaftin ya ce mu direbobi mu cike takardunmu gobe da safe, shi zai sa hannu da kansa.

Da yamma muka je gidansu ni da matata. Gidan bariki ne mai ɗaki biyu, kwanukan surukuwata na nan zube a tsakar ɗaki inda ya juye su. Ta inda take shiga ba ta nan take fita ba. Ta lissafa masa barikokin da ta bi shi, da ɗakunan da suka yi yoyo a kanta, ta ce duk ta jure ne don ta ga ranar da zai fita da mutuncinsa, yanzu saura wata huɗu zai watsar a kan ɗigon mai. Ta ce tunda mai tauraro a kafaɗa ya ɗauki nauyi, shi ina ruwansa? Yana zaune yana goge tabaransa, sai da ta gaji sannan ya nuna ni da haɓa.

"Mutum talatin ne a bayan kowace mota. A gaban wadda ta fi lalacewa kuma, mijin 'yarki Auta ne zai zauna."

Surukuwata ta fara tattara kwanuka. Muka kama hanyar gida ni da matata har muka kai ƙofa. A nan ta tambaye ni abin da zan rubuta gobe. Na fara kame-kame, na ce ni ƙaramin soja ne, abin da aka ce shi nake yi. Ta ce ba ta tambaye ni abin da aka ce ba. Tsoro nake ji, in faɗi gaskiya. Igiyata biyu ce kacal, kuma na sha wuya kafin in same su.

Da safe muka jeru da takardu. Na bi layi ina sa alama har na iso kan birki, sai biro ya tsaya. Na waiga, ga Baba can bayan wayar shinge, tunda an hana shi shiga, hannuwa a baya, ba ma ni yake kallo ba, motocin yake kallo. Na rubuta da manyan baƙaƙe cewa birki ya jiƙe da mai, ban yarda da shi ba. Direban da ke kusa da ni ya leƙa, ya ja tsaki, ya ce na jawo mana, sannan shi ma ya kwafa. Kafin kyaftin ya iso mun zama mu shida. A ƙa'idarmu, in direba ya rubuta ƙorafi a kan birki, takardar ba ta tsayawa a gareji, dole ta hau sama. Kafin hantsi sai ga motar kwamanda a bakin rumfa.

Kwamandanmu ba mai son dogon bayani ba ne. Ya ji ta bakin kyaftin, ya sa aka shigo da Baba ya ji tasa, ya ce shi ba bakanike ba ne, a nuna masa da ido. Baba ya roƙi abu ɗaya, a loda buhunan yashi daidai nauyin mutum talatin a mota biyu, ɗaya cikin ukun da ya sa wa hannu da ɗaya cikin taran. Aka ja layi da farar ƙasa a filin fareti, aka kafa tuta taku talatin kafin layin. Mota ta taho da gudu arba'in, in ta kai tuta a taka birki.

Mai lafiyar ta fara. Ta tsaya cak, saura taku goma ta kai layi. Sai tawa. Na taho, na kai tuta, na taka. Gaba ya kama, baya ya ce bai san zancen ba. Na miƙe tsaye a kan birkin nan ina salati, motar ta wuce layi kamar ba da ita ake ba, gindinta ya juya hagu, ta nufi rumfar da aka kafa wa janar. Tukwanen furanni goma sha huɗu kyaftin ya jera a wurin, da gangunan da aka shafa wa farin fenti. Na kwashe su tas, ganga ɗaya ta yi ta birgima har gaban kwamanda ta kwanta. Da ƙura ta lafa na sauko, na zauna a matakala. Fili ne shimfiɗaɗɗe, ba gangare, ba kwana. Ba wanda ya yi dariya a lokacin, ko da yake an shekara ana yi mini ita daga baya.

Kwamanda ya dubi gangar, ya dubi kyaftin, ya tambayi Baba ko kwana biyu za su ishe shi. Ya ce in an ba shi hannu. Aka ba shi kowa, direbobi, bakanikai, har masu dafa abinci aka sa su ɗaukar taya. Ban taɓa ganin garejin nan kamar waɗannan kwana biyun ba. Motoci tara a kan jak, ƙafafu a zube, Baba na zagayawa da tsumma a kafaɗa, a nan ya ce a ƙara ɗaurewa, can ya ce a kwance a sake. Allah ya taimake mu, robobin na cikin kayan da ya ɗauko daga sito. Abin da ya ba mu mamaki shi ne kyaftin. Ya tuɓe rigarsa mai sitaci, ya karɓi sifana, ya kwanta a ƙasa yana tambaya ana nuna masa. Kowace mota aka gama sai an loda mata yashi ta je filin fareti ta tsaya kafin layi, sannan Baba ya zaro biro. Ta ƙarshe ya sa wa hannu rana na shirin faɗuwa, ana gobe ziyara.

Motocin da suka jeru wa janar ba su da kyan gani, fenti duk ya kankare, ga shatin yatsu baƙaƙe a jikin ƙafafu. Janar ɗin da aka yi wannan hidimar dominsa minti huɗu ya yi a gabansu, ko duƙawa bai yi ba. Muka kwashi sojoji muka haye tudu. A gangaren dawowa, kwana ta biyu, na tarar da motar itace ta mutu a tsakiyar hanya ba ko ganye da aka sa alama. Na taka, motata ta tsaya kamar an riƙe ta da hannu. Na ji sojojin baya suna zagina wai na gwara musu kai. Daɗin zagin nan har yau ina jin sa.

Sai dai takardar tuhuma ta riga ta shiga ofis, kuma abin da ya shiga ofis dole a saurare shi. Wanda ake tuhuma ba ya shiga da hula ko ɗamara, kuma soja ɗaya ke raka shi. Da samanja ya karanta sunan mai rakiya sai na ji ni ne. Na roƙe shi ya sauya, ya ce ba gidan surukai ba ne nan. Haka na tsaya kusa da uban matata, kansa a buɗe, furfura fara fat, hularsa da ɗamararsa a kan benci, muka taka hagu dama har gaban tebur.

Kwamanda ya karanta tuhumar daga farko har ƙarshe, bai tsallake kalma ba. Ya tambayi Baba ko ya ƙi bin umarni, ya ce ya ƙi. Ya tambaye shi in aka sake ba shi irin wannan umarnin gobe fa.

"Zan sake ƙi, ranka ya daɗe."

Na ce tsohon nan sai ya ƙarasa kansa da bakinsa. Kafin kwamanda ya yi magana kyaftin ya nemi izini, ya matso. Ya ce shi ya rubuta takardar, kuma yana roƙon a janye ta, domin umarnin da ya bayar ba daidai ba ne, sajan ne ya tsaya a kan ƙa'ida. Ya faɗe shi a fili, a gaban samanja da magatakarda da ni kofur, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne ga hafsa. Kwamanda ya ja layi biyu a kan takardar, ya ce babu tuhuma. Ya ƙara da cewa daga ranar ba motar da za ta fita barikin nan sai da sa hannun sajan gareji, ko wane ne ya ba da umarni, kuma a rubuta wannan a littafin dokokin bariki.

Muka juya, muka taka waje. Kyaftin ne ya riga mu zuwa bencin, ya ɗauko hular ya miƙa masa da hannu biyu, ya wuce. Baba ya ɗora ta a ka, ya shafa igiyoyin nan uku a hannun rigarsa, ya ɗauki ɗamara. Sai na ga ya kasa ɗaurawa. Hannun da na sha ganin ya zura ƙusa a ramin da ido ba ya gani, rawa yake yi, ƙarfen ɗamarar na ƙwanƙwasa ɗan'uwansa ya ƙi shiga. Ashe duk kwanakin nan tsoro yake ji kamar kowa, bai dai bari mun gani ba. Ƙwalla ta cika mini ido. Na durƙusa a barandar ofis, sojoji na wucewa, na ɗaura masa.

"Kofur," ya ce, muryarsa a dishe, "ka matse da yawa. Sassauta rami ɗaya, mu je mu gaya wa uwarku."